An ce in yi wa gonar magada kuɗi, ni kuma nake son saye: ina iyakar riba, ina farkon cuta?

Tambayar da aka aiko ta ce: "Na tara ɗan jari ina so in shiga harkar filaye. Akwai wata gona mai kimanin hekta ɗaya a bayan garin Kano, ta abokin mahaifina ce da ya rasu bara. Babban ɗansa ya same ni ya ce suna so su sayar, kuma tunda na fi su sanin gari, in faɗa musu abin da za ta yi. Na ce miliyan biyar, kuma ni zan saya. Ya ce zai shawarci 'yan'uwansa. Ni dai na san ta fi haka, kuma na ji ƙishin-ƙishin za a fitar da titi ta wajen. Yaya ake gane ainihin kuɗin fili? Idan suka sallama mini da yardarsu, akwai laifi?"

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a jarin. Na daɗe ina aikin ƙiyasta kuɗin filaye da gidaje, kuma irin tambayarka ba kasafai ake yin ta kafin ciniki ba, an fi yin ta bayan an kai mutum gaban alƙali. Amsar ta biyun a gajarce ita ce: akwai laifi. Laifin kuwa ya shigo ne tun lokacin da yaron ya ce "faɗa mana abin da za ta yi" kai kuma ka amsa. Zan dawo kan wannan, amma sai mun fara gano abin da gonar za ta yi ɗin, domin da shi za ka auna nisan da ke tsakanin miliyan biyar da gaskiya.

Fili ba kamar buhun masara ba ne da za ka shiga Dawanau ka ji farashinsa a bakin mutum goma. Ba filaye biyu da suke daidai, kuma kango ba ya kawo haya balle ka lissafa kuɗinsa daga abin da yake shigowa. Hanyar farko da muke bi ita ce kwatance: nawa aka sayar da makamantansa a kusa, a 'yan watannin nan? Ka lura na ce aka sayar. Abin da dillali ya ce "ana nema" daban, abin da aka ƙirga aka miƙa daban, kuma tazarar tana da yawa. Ka nemi ciniki uku zuwa biyar da suka faɗa da gaske. Mai unguwa ya san su saboda ya sa hannu a takardunsu, safiyon da ya yi awo ya san su, maƙwabcin da ya saya ma zai gaya maka idan ka yi masa tambayar mutunci. Sannan ka mayar da kowane zuwa ma'auni ɗaya, domin kalmar "fuloti" ba ta da tsayayyen girma. Ƙafa 50 da 100 ya kai murabba'in mita 465 ko kusa da haka, 50 da 50 rabinsa ne, kuma duk ana ce musu fuloti. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa 4,047. Na sha ganin an ce wa mutum hekta, da aka ɗauko na'ura aka tarar eka ce da 'yan kai. Saboda haka "kimanin hekta ɗaya" da ka rubuta ba magana ba ce tukuna, sai safiyo ya taka ta.

Bayan nan sai ƙari da ragi. Wanda ke bakin hanya ya fi na cikin lungu, na kwana ya fi na tsakiya, tudu ya fi kwari. Filin da ke kan tsohon kududdufi da aka cike da shara zai cinye wa mai gini kuɗin fandisho ninki, dole a rage masa. Na ƙarƙashin babban layin wuta ba shi da daraja ko kaɗan wajen gini, domin ƙa'ida ta keɓe faɗin mita 50 ga layin kilobolt 330, da mita 30 ga na 132. Kuma duk filin da ka gani da rani kawai, rabinsa ka gani. Ka koma a watan Agusta bayan an tafka ruwa, ka tsaya a kai da takalminka.

Tunda gona ce da niyyar yankawa, akwai hanya ta biyu wadda ta fi dacewa da kai, wato lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Bari in ƙirƙiri alƙaluma don misali kawai, kai ka sa na unguwarku. A hekta ɗaya, idan ka bar hanyoyi masu faɗi da magudanan ruwa, kusan kashi talatin cikin ɗari ya tafi, abin da ya rage zai ba ka fuloti 15 na 50 da 100. A ce kowane yana fita a miliyan ɗaya da rabi, jimilla miliyan 22 da rabi. Cire kuɗin awo, share wuri, turakun iyaka, takardu da la'ada, a ce miliyan uku da rabi, saura 19. Cire ribar da ta cancanci wahalarka da kasadarka, a ce miliyan huɗu da rabi, saura 14 da rabi. Sannan ka rage wani abu saboda ba rana ɗaya za ka sayar da su ba, wataƙila sai shekara biyu kuɗinka ya gama dawowa. Sai ka tarar gonar ta tsaya wajen miliyan 11 zuwa 13. Wannan shi ne abin da mai hankali zai iya biya, ya yi aiki, ya ci riba mai tsabta.

Maganar jira kada ka raina ta. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 28.9 cikin ɗari a Disambar 2023, ta kai 34.8 a Disambar 2024. Wanda ya sayi fili miliyan biyu a ƙarshen 2022 ya sayar miliyan uku a ƙarshen 2024 yana ta murnar ribar miliyan ɗaya, alhali sai ya samu kusan miliyan uku da rabi kafin ya mayar da ƙarfin kuɗin da ya zuba. Zancen nan da ake yi cewa fili ba ya faɗuwa gaskiya ne a lambobi, ba kullum yake gaskiya a kasuwa ba.

Abin da ya fi komai juya farashi shi ne takarda, kuma a nan sababbin shiga suke ƙonewa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da kai da ni muke saye da sayarwa haƙƙin zama da amfani ne, wanda a satifiket yawanci ake rubuta masa shekara 99. Sashe na 22 ya ce mai irin wannan haƙƙi ba zai mayar da shi ga wani ba sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa hakan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Shi ya sa awon gwamnati mai satifiket da awon igiya mai takardar mai unguwa ba sa zama kuɗi ɗaya ko da suna jingine da juna. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, tana da amfaninta, amma ba ta hana gwamnati cewa wurin yana cikin tsarinta. Kafin ka biya ko sisi, ka ɗauki lambobin awon ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Kano, a bincika maka ko wurin na cikin wani shiri, ko an taɓa ba wani shi. A Kaduna KADGIS ke wannan aiki, a Abuja AGIS. Abuja ma nata ya fi tsanani, domin minista kaɗai ke da ikon ba da fili, takardar sarkin ƙauye ko ta ƙaramar hukuma ba ta tsayawa a kotu.

Yanzu ga titin da ka ji ƙishin-ƙishinsa, wanda na ga alamar shi ke sa ka zumuɗi. Titi kaifi biyu gare shi. Idan ya wuce ta gefen gonar, ka dace. Idan ya bi ta tsakiyarta, sashe na 28 na dokar nan ya ba gwamna ikon karɓe ta don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ce diyya ta abin da aka ɗora a kan ƙasa ce: gini, shuka, bishiyoyi masu amfani, sai kuɗin hayar ƙasa da ka biya a shekarar. Kangon fili kusan ba shi da komai a wannan lissafi. Kuma titin da ake ji a baki yana iya shekara goma bai ga katafila ba. A aikinmu ba ma saka jita-jita cikin ƙiyasi, sai abin da ya fito a kasafi ko aka kafa masa turaku.

To, mu koma kan miliyan biyar.

Mai saye yana da damar yin tayi ƙasa. Ba wanda ya wajabta maka ka biya kuɗin da ya fi kowane tsada, kuma sanin da ka samu da guminka, ka zaga, ka tambaya, ka karanta taswira, naka ne. Da a ce magadan nan sun sa gonar a kasuwa, dillalai sun ji, mutum huɗu sun taya, kai ka ce biyar suka ce albarka ko suka sallama, da ba ni da ta cewa sai dai in ce sun yi gaggawa. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya ma shi ne, ba a warware ciniki don kawai wani ya yi araha ko tsada, matuƙar an yi shi ido na ganin ido.

Amma malaman nan sun ware mutum ɗaya, wanda suke kira mustarsili: wanda bai san farashi ba, ya miƙa wuya gare ka ya ce "yi mini yadda ake yi wa mutane." Wannan idan ka faɗa masa abin da ba shi ne ba, ka yaudare shi, kuma yana da ikon dawo da cinikin. Malamin Malikiyya Ibnu Asim a cikin littafinsa Tuhfa, wadda alƙalanmu suka daɗe suna aiki da ita, ya kawo sharuɗɗa uku ga mai ƙarar an yi masa gabanu, wato an tauye shi a farashi: kada shekara ta wuce, ya kasance bai san abin da ya yi ba, kuma tauyewar ta kai sulusi ko fiye. Ka ɗora naka a kan wannan ma'auni. Yaron bai zo maka a matsayin abokin ciniki ba, ya zo wurin ɗan abokin babansa ya ce faɗa mana. A wannan lokacin hular mai ba da shawara ce a kanka, sai ka amsa da bakin mai saye. Idan gonar ta kai 12 ka ce 5, ka tauye su fiye da rabi. Yardar da kake magana a kai an gina ta ne a kan maganarka. Ayar Suratun Nisa'i da ta halatta kasuwanci bisa yardar juna ita ce dai ta fara da hana cin dukiyar juna da ɓarna.

Akwai hadisin da ya hana tare ayari a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, har ya ba mai kayan zaɓi idan ya iso ya ga farashi. Duk wanda ya tashi a garin da ke da kasuwar mako ya san masu wannan sana'a, waɗanda ke tsayawa a bakin gari da sassafe su tare baƙauye da akuyarsa. Abin da kake shirin yi danginsa ne: ka tare gonar kafin ta isa kasuwa.

Akwai wata matsala ma da ba ka tambaya ba, wadda ta fi ba ni tsoro. Gonar gado ce. An raba? Idan ba a raba ba, babban ɗa ba shi da ikon sayar da kason kowa sai nasa. Akwai matan mamacin, akwai 'ya'ya mata da wataƙila suna gidajen aure ba wanda ya tuntuɓe su, akwai yiwuwar ƙananan yara. Kason maraya ba a sayar da shi sai ta hannun waliyyinsa ko alƙali, kuma sai don maslaharsa, a kan kuɗin da ya dace. Na taɓa shiga wani ciniki a matsayin mai ƙiyasi inda aka sayi gona daga hannun 'yan'uwa maza uku, aka yanka, mutane suka yi gini. Bayan shekara bakwai ƙanwarsu da take ƙarama lokacin cinikin ta girma ta kai ƙara. Wanda ya saya ya biya kuɗin kasonta a farashin ranar, ba na shekara bakwai baya ba, don gudun kada a taɓa gidajen mutanen da ya sayar wa. Arahar da ya samu ta fita ta hancinsa. Kuma ko ɗaya daga magada ya sayar maka da kasonsa shi kaɗai kafin rabo, sauran suna da haƙƙin shufa'a, su biya ka abin da ka biya su karɓe. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi, ko da yake al'adarmu ta yi kyau da ake fara yi wa maƙwabci tayi.

Abin da nake ba ka shawara mai sauƙi ne, sai dai yana da nauyi a baki. Ka koma wurin yaron ka ce masa: "Ranar nan na faɗi biyar a matsayin mai son saye, bai kamata ku ɗauke shi a matsayin kuɗin gonar ba. Ku nemi mutum biyu da ba ruwansu da ni su yi muku kuɗi, ku gama rabo a kotu, sannan in kuna so in taya." Idan kana ganin akwai magana mai tushe a kan titin, ka gaya musu su bincika, tunda amana suka ba ka. Wataƙila su ce 13 ka ce 11, saboda kai kuɗi a hannu za ka biya, kuma kai za ka ɗauki wahalar takardu da jira. Wannan ragin halal ne, kana iya faɗin dalilinsa a gaban kowa. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan tun da daɗewa: duk ragin da zan iya bayyana wa mai fili dalilinsa baki da baki, ya ji ya amince, nawa ne. Wanda kuwa ba zai tsaya ba sai idan bai san wani abu ba, ba na taɓa shi. Wani abu kuma: idan labarin titin daga bakin wani ma'aikaci ya fito, wanda ya ga taswira a ofis yana neman a yi kashe-mu-raba, ka nisance shi. Amanar ofis ya ci, kai kuma za ka zama abokin cinsa.

Tunda harkar za ka shiga gaba ɗaya, ranar da ka koma mai sayarwa ma akwai nata. Mafi yawan cutar da ake yi a awon igiya a wajen yanka take. Hektar nan da na ce fuloti 15, wani zai matse ta ya fitar da 20, ya bar lungun da mota biyu ba sa giftawa, ba magudana, ba filin masallaci balle makaranta. Ribar fuloti biyar ɗin nan mutanen unguwar za su yi ta biyanta kowace damina, ranar da gobara ta tashi kuma motar kashe wuta ta tsaya a bakin titi. Ka kai tsarin yankanka hukumar tsara birni ta amince kafin ka kafa turke. Aibin fili kuma ka faɗe shi ko ba a tambaye ka ba: ruwa na kwanciya a nan, wancan ɓangaren akwai rigimar iyaka, takardar ta tsaya a mataki kaza. Hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu a kan tarin abinci mai jiƙaƙƙen ciki ya zo, kuma fili mai kwanciyar ruwa da aka nuna wa mutum a watan Maris bai da maraba da shi.

Dillalai kuwa, ka yi da su a fili. La'ada haƙƙinsu ce, an fi jin biyar cikin ɗari, wani wuri har goma, a yanke ta tun farko a san wanda zai biya. Abin da ba shi da kyau shi ne ɗori a ɓoye: mai fili ya ce miliyan biyu, dillali ya gaya wa mai saye biyu da rabi, ya soke rabin, ya kuma karɓi la'ada ta ɓangare biyu. Maganinsa mai saye da mai sayarwa su zauna wuri ɗaya, kuɗi ya bi ta banki daga asusu zuwa asusu, a rubuta ainihin adadin a takarda. Haka nan turo ɗan kore ya zo yana taya fili da tsada a gaban mai saye don a zuga shi, shi ne najashi da aka hana, ko da an canza masa suna an ce dabarar kasuwa.

Sayarwa kashi-kashi ta yawaita yanzu, kuma jumhurun malamai sun yarda kuɗin ajali ya fi na hannu, da sharaɗin a tsaya kan farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki, kada a ƙara idan mutum ya makara. Inda ake zalunci shi ne a rubuta cewa wanda ya kasa cikawa ya yi asarar duk abin da ya zuba. Ka rubuta yadda za a mayar masa da kuɗinsa tun ranar farko. Kafin alƙalamin da ba a mayarwa idan ciniki ya fasa, Imamu Malik bai yarda da shi ba, Hambalawa ne suka halatta. Kuma kada ka fara karɓar kuɗin mutane a kan gonar da kai ma ba ka gama biya ba, da nufin ka biya magada da kuɗin masu saye. Ranar da magada suka fasa, kai ne za ka kwana a ofishin 'yan sanda da rasit ɗin mutum goma sha biyar.

Idan kuma niyyarka ka saya ka ajiye har ta yi tsada, ka san cewa filin gwamnati yana zuwa da wa'adin gini da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. A Satumbar 2023 ministan Abuja ya soke filaye fiye da ɗari saboda ba a gina su ba, a 2025 kuma aka soke dubbai saboda bashin kuɗin ƙasa. Ka tambayi malaminka kan zakka ma, domin Malikiyya sun bambanta mai jujjuya kaya da mai ajiyewa yana jiran kasuwa: na farko yana ƙiyasta filayensa duk shekara ya fitar, na biyu sai ranar da ya sayar ya fitar ta shekara ɗaya.

Ranar da za ka koma wurin yaron, kada ka tafi kai kaɗai. Ka nemi mahaifinka ko wani dattijo da ya san mamacin ya raka ka, a yi maganar a gaban uwar yaran, a kira 'ya'ya matan ko a waya ne su ji da kunnensu.